Mazarin da Aka Zarga da Mazarin da Ya Yi Ɓarna: Yadda Wani Mai Kiwon Tarwaɗa a Zariya Ya Gano Abin da Ke Cinye Masa 'Ya'yan Kifi

Gonar kafin matsala

Gonar tana cikin fadamar Galma, gabas da Zariya, 'yar tafiya kaɗan daga hanyar Jos. Mai ita magidanci ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon tarwaɗa. Ramukansa uku ne, duk na ƙasa. Biyu manya ne, a ciki kifi ke girma har ya isa sayarwa. Na ukun shi ne ramin reno, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, zurfin ruwansa bai wuce santimita 60 ba. Bayan gonar akwai wani tsohon kududdufi mai faɗi da ba ya ƙafewa ko da bazara. Daga nan yake jan ruwa da injin ban ruwa, nan kuma shanun Fulanin yankin ke sauka sha safe da yamma, har sun tattake gaɓar ta zama fili fetal, babu ko ƙwayar ciyawa.

Da farko sayen 'ya'yan kifi yake yi. Da ya ga kuɗin da ke tafiya, ga waɗanda ke mutuwa a jarka kafin a iso gona, sai ya koyi ƙyanƙyasa da kansa. Aikin sananne ne ga masu sana'ar: a yi wa uwa allura, a matse ƙwai, a haɗa da maniyyin namiji, a shimfiɗa a kan raga cikin baho. Idan ruwa da ɗumi, ƙwan kan fashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kwana uku na farko 'ya'yan na rayuwa ne da kwanduwar da ke manne a cikinsu, bayan nan sai an ba su abinci, a lokacin kuwa tsawonsu bai kai santimita 1 ba. Shi ya sa ake zuba kashin kaji a ramin reno tun kafin su iso, ruwa ya yi kore, ƙananan halittun da suke ci su yawaita.

Rukunin farko ya yi shi a watan Maris, da zafin bazara. Ya cika rami, bayan mako ɗaya ya zuba 'ya'yan, bayan mako biyar ya ja koma. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka rayu, tsawonsu daga santimita 3 zuwa 5. A ramin ƙasa wannan ba abin raini ba ne. Ya cika manyan ramukansa, ya sayar da rara ga maƙwabta.

Yuni zuwa tsakiyar Yuli: asara ta farko

Damina a Zariya takan sauka cikin Mayu, ta kankama a Yuni, a yi marka a Agusta, ruwan shekara kuwa yakan kai wajen milimita 1,000. A makon farko na Yuni ya sake cika ramin reno, ya zuba kashin kaji kamar yadda ya yi a baya. Sai aka samu tsaiko. Uwayen da ya tanada ƙwansu bai nuna ba, wanda ya matse ya lalace, dole ya nemo wasu. Ramin ya zauna kusan mako huɗu da ruwa kore shar, a buɗe, babu kifi ko ɗaya a ciki. Shi a lissafinsa jinkirin alheri ne, tunda abincin 'ya'yan ƙaruwa yake yi.

A ƙarshen Yuni ya zuba 'ya'ya kimanin 10,000. Daren farko da na biyu in ya haska tocila yana ganinsu jere a gefen rami. Cikin mako na biyu sai ya daɗe yana haskawa kafin ya ga ɗaya. Da aka ja koma a tsakiyar Yuli, 'yan ɗaruruwa aka samu.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu gawa. Cuta ko lalacewar ruwa kan bar matattu a sama ko a gefe, ruwa ya yi wari, waɗanda suka rage su yi laushi. A nan ruwan lafiya lau, 'yan da suka tsira kuma garau suke. Wani abu ne ke cinye su. Cikin lakar da koma ta kwaso akwai wasu ƙwari masu ƙafa shida, launin laka, da faffaɗan ciki. Yaran gona suka watsar da su tare da lakar, babu wanda ya tambayi ko mene ne su.

Yuli: abubuwan da aka gwada

Kwaɗi aka fara zargi, domin da damina fadama cike take da su da talibambam. Ya kewaye ramin da tsohon kwanon rufi, tsayin gwiwa. Saboda zalɓe ya ja igiyoyi a sama. Duka biyun matakai ne masu kyau, har yau suna nan.

Wani maƙwabcinsa da ya riga shi shiga sana'ar ne ya ce masa 'ya'yan mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, na cin 'ya'yan kifi. Maganar gaskiya ce. Sai dai da mai gona ya ji "mazari", iri ɗaya ne ya faɗo masa a rai, domin shi yake gani kullum: wani ɗan ƙarami baƙi, mai baƙin ratsi a kan kowane fiffike, wanda ke sauka a tsirarar ƙasa a bakin ramuka. Duk inda ya ɗaga ƙafa suna biye da shi, goma, ashirin, ƙasa-ƙasa daidai idon sawu. In ya tsaya su sauka, in ya motsa su tashi. A wurinsa wannan naci shaida ce.

Ya sa yara da tsintsiya da rassan dogon yaro suna faffaɗa su. Ya sayi maganin ƙwari ya feshe gaɓar ramuka. Washegari suka dawo kamar ba a taɓa su ba.

Daga wani zauren WhatsApp na masu kiwon kifi ya samo shawarar zuba ɗan dizal a saman ruwa da sassafe, lokacin da babu iska. Ya zuba. Kafin hantsi saman ruwan ya cika da gawar wasu ƙananan ƙwari masu iyo a rigingine. Ya ɗauka an gama. A ƙarshen Yuli ya zuba rukuni na uku a ramin nan, ba tare da ya zubar da ruwan ba. Mako biyu bayan nan tocila ta sake nuna masa abin da ta nuna a baya.

Wani kuma ya ce ya ɗiga fiya-fiya a ruwan. Allah ya sa ya fara gwadawa a baho da 'yan 'ya'ya kaɗan. Ba su yi awa ɗaya ba.

Farkon Agusta: sanya wa baƙin mazari suna

Ɗan ƙanwarsa, ɗalibin ilmin halittu a wata babbar makaranta, ya zo hutu a wannan lokacin. Shi ne ya ce, "Kawu, kafin a ƙara kashe kuɗi, bari mu san ko wane iri ne." Ya ɗinka raga da tsohon gidan sauro da waya, ya ɗaura a gora, ya kama da yawa.

Nan take aiki ya rikice. A ganinsa iri uku ya kama: baƙaƙe masu ratsi, rawaya masu ɗigon baƙi a jiki da fiffike garau babu ratsi, da wasu na tsakiya, jikinsu ya fara duhu, ratsinsu dishi-dishi. Ya ɗauki hotuna ya sa a wata manhajar waya mai gane halittu. Baƙin, wani hoton ta ce Brachythemis leucosticta, wani hoton ta ce Palpopleura lucia. Rawayan ta ce macen Diplacodes lefebvrii ce. Da ya sauya kusurwar hoto sai amsa ta sauya.

Wani abokinsa ya haɗa shi da wani dattijo a Samaru, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji da ya shafe shekaru yana busar da ƙwari yana jera su a akwati. Dattijon bai kalli wayar ba. Ya ce a kawo masa su a ambulan, kowanne fiffikensa a haɗe a baya, a rubuta rana da inda aka kama. Ya jera su a kan farar takarda, ya ɗauko rula da gilashin ƙara girma.

Abin da ya fara nuna wa yaron shi ne dukkansu tsawonsu ɗaya, wajen santimita 3. Na biyu, kusa da ƙarshen kowane fiffike, a gefen gaba, akwai ɗan tabo mai haske, fari-fari zuwa ruwan ƙwai, kuma yana nan a jikin baƙin da rawayan da na tsakiya. Na uku, ya juya su rigingine. Namijin mazari yana da ɗan tudu a ƙarƙashin gaɓa ta biyu ta jela, kusa da ƙirji, inda kayan barbararsa suke, mace ba ta da shi. Baƙaƙen duk maza ne. Na tsakiyan ma maza ne. Rawayan kuwa gauraye suke, wasu mata, wasu maza.

"Baba, wato duk abu ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, ɗana. Namiji da rawaya yake fitowa daga ruwa, kamar uwarsa. Yana balaga jiki na duhu, ratsi na fitowa."

Wasu matan ma kan yi ratsin, abin da ke ƙara rikita mai koyo. Wannan sauyin launi ba sabon sani ba ne a Zariya: a 1974 masu bincike biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Adetunji da Parr, sun buga nazari a kan yadda launin wannan mazari ke canzawa yayin da yake balaga.

Sauran sunayen da waya ta bayar bai sha wahalar kore su ba. Palpopleura lucia baƙinsa daga gindin fiffike yake farawa ya malale gaba, jelar namijinsa gajera ce, shuɗiya-shuɗiya. Namijin Diplacodes lefebvrii baƙi ne ƙarami, amma babu ratsi a tsakiyar fiffikensa. Saura Brachythemis. Dattijon ya ce leucosticta, sunan da ya sani tun yana saurayi, wanda wani masani mai suna Burmeister ya raɗa a 1839.

A nan ɗalibin ya yi nasa amfanin. Ya nemo a intanet cewa a 2009 wasu masu bincike biyu, Dijkstra da Matushkina, sun duba maza fiye da dubu daga ɗakunan ajiya, suka gano abin da aka daɗe ana kira da suna ɗaya iri biyu ne. Leucosticta na ainihi ya fi yawa a tsakiya da kudancin Afirka. Na arewa, wanda ya mamaye Afirka ta Yamma da yankin Sahel har ya kai gaɓar Bahar Rum, shi aka mayar wa da wani tsohon suna da wani masani, Karsch, ya ba shi a 1890, Brachythemis impartita. Bambancin yana ƙarƙashin gaɓa ta takwas ta jelar namiji, sai da gilashi ake ganinsa, mata kuwa ba a iya raba su da tabbaci. Suka gwada balagaggun mazan da zanen da ke cikin takardar, suka dace da impartita. Dattijon ya goge abin da ya rubuta a ambulan ya gyara, bai yi musu ba.

Shi ma bin mutane da yake yi an san dalilinsa. Tafiyar saniya ko mutum a tsirarar ƙasa tana tayar da ƙananan ƙwari, shi kuma ya cafke. Shi ya sa yake rakiyar garke a bakin ruwa. Kiwo yake yi a sawun mai gona.

Mai gona da aka kai masa labari ya ce to madalla, an san sunan ɓarawo. Dattijon ya aiko masa da cewa sunan wanda ke yawo a bakin rami aka sani, ba a riga an san ko 'ya'yansa ne a cikin ramin ba.

Tsakiyar Agusta: neman inda yake haihuwa

Mazari rabin rayuwarsa, sau da yawa ma fiye da rabi, a cikin ruwa yake yin ta. Uwa ta saka ƙwai a ruwa, ɗa ya fito ba fiffike, ya yi ta saɓa yana girma. In ya ƙosa sai ya hau kara ko dutse, galibi da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, babba ya fito ya bar busasshiyar saɓa a maƙale. Babba na iya tashi daga wani ruwa ya zo kiwo wani wuri. Saɓa kuwa inda aka same ta, a ruwan nan mai ita ya girma.

Dattijon ya ce a bar raga, a fita da asuba kafin ruwan sama ko iska su kakkaɓe su, a bi gefen kowane ruwa da gwangwani daban.

A ramin reno aka samu saɓa birjik, a jikin ciyawar gefe, a kan turakun igiya, har a jikin kwanon da aka kafa don kwaɗi. Manya ne, wajen santimita 2 da rabi, bayansu sumul, da dogayen ƙayoyi a gefen gaɓoɓi biyu na kusa da ƙarshe. A manyan ramukan kifi kusan babu komai, abin da bai ba kowa mamaki ba, tunda babbar tarwaɗa ba ta barin ƙwaro ya girma a gabanta. A tsohon kududdufi aka samu wata iri dabam, a kan guntayen kara da busasshiyar laka: ƙanana, ba su kai santimita 2 ba, da jerin ƙananan ƙugiyoyi a tsakiyar baya. Wannan siffar 'ya'yan Brachythemis ce, kuma ta dace da abin da aka sani game da shi, cewa ruwa mai faɗi, kwantacce, mai tsirarar gaɓa yake so. Ko ɗaya daga cikin masu ƙugiya ba a samu a ramin reno ba.

Aka tace lakar ramin reno da rariya. Ƙwarin nan da yara suka watsar a Yuli suka fito, ashe 'ya'yan mazari ne, daga masu girman ƙwayar shinkafa har zuwa manya. Akwai kuma 'yan kaɗan dogaye sirara, na wani dangin mazari da ake kira Anax. Ɗalibin ya ɗaga ɗaya ya ja leɓensa na ƙasa da tsinke, ya nuna wa kawunsa. Leɓen dogo ne, a naɗe yake ƙarƙashin kai kamar hannun da aka lanƙwasa a gwiwa, da ƙugiya a baki. Da shi yake harbo abin da zai ci, cikin ƙiftawar ido. Suka sa babba ɗaya a baho da 'ya'yan tarwaɗa goma 'yan kwana biyar. Da gari ya waye saura kusan rabi.

A nan aka fahimci abin da ya sa dizal bai yi aiki ba. Ƙwarin da ke iyo a rigingine sai sun taso sama sun ɗebi iska, mai ya toshe su su mutu. Ɗan mazari ba ya tasowa. Abin numfashinsa yana cikin dubura, yana zuƙar ruwa ta baya yana fitarwa, in ya tsorata ma da wannan feshin yake cilla kansa gaba. Man da ke sama bai dame shi ba. Ƙila ma rage masa abokan cin abinci ya yi.

Ƙarshen Agusta: abin da ya fito daga bokiti

Saɓa mai sumul ɗin baya da dogayen ƙayoyi ba ta isa a yanke suna ba, domin 'ya'yan wani dangin mazari da ake kira Tramea ma haka suke. Dattijon ya ce a bar su su faɗi sunansu da kansu. Aka zaɓi manya waɗanda kumburin fiffike ya bayyana a bayansu, aka sa kowanne a bokitinsa da ruwan rami, aka jingina kara, aka rufe da gidan sauro. Ba a haɗa su ba saboda suna cin juna.

Cikin mako guda suka fara fitowa. Babban mazari ne, tsawonsa ya kusa santimita 5, ruwan zuma zuwa rawaya, fiffiken baya mai faɗi sosai a gindi, ba shi da babban baƙin tabon da Tramea ke da shi a nan. Pantala flavescens ne, wanda wani masani, Fabricius, ya sa wa suna tun 1798.

Mai gona ya daɗe yana kallonsa, ya ce bai taɓa ganinsa a gonar ba. Ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kawu, ɗaga kanka." Suna nan a sama, gungu guda, tsayin rufin ɗaki, suna shawagi a kan ramuka. Ba sa sauka a ƙasa. In za su huta sai su rataye a jikin reshe ko dogon kara, inda ido ba ya kai wa. Duk ɗan Zariya ya san su, su ne ke cika filin ƙwallo da sararin gona in hadari ya taso, sai dai wa ke tsayawa ya dube su?

Rayuwar wannan mazari gaba ɗaya a kan ruwan wucin gadi aka gina ta. Yana bin iskar da ke kawo damina, ya sauka inda ruwa ya sauka. Ana samunsa a kowace nahiya ban da Antatika, kuma a 2009 Charles Anderson, wani masanin halittu da ke zaune a tsibiran Maldibs, ya kawo hujjar cewa yana ƙetare tekun Indiya daga Indiya zuwa gabashin Afirka, tafiyar kilomita wajen 3,500 a kan ruwa. Mace takan zo manne da namiji, tana tsoma ƙarshen jela a ruwa tana sakin ƙwai, ɗaruruwa a zama ɗaya. Ƙyalli take bi, har a kan bayan mota mai sheƙi akan ga tana ƙoƙarin yin ƙwai. Da yake kududdufin ruwan sama ba ya daɗewa, 'ya'yanta na gaggawar girma, in da ɗumi da abinci cikin mako 5 zuwa 8 sun gama sun tashi. Mai irin wannan sauri kuwa dole ya zama maciyi. Rauninsu ɗaya, ba su iya ɓuya daga manyan kifaye ba, don haka sabon ruwa marar kifi ne gidansu.

Ramin da aka cika a farkon Yuni, aka yi masa taki, aka bar shi mako huɗu a buɗe, ya cika kowane sharaɗi. Ranar da aka zuba 'ya'yan tarwaɗa, 'ya'yan mazarin da suka riga su shiga sun ninka su girma. A Yuli kuma, da ba a zubar da ruwan ba, na farko sun tashi amma na bayansu na nan, kowane girma akwai.

Satumba da Oktoba: gyara

Aka zuƙe ramin ƙaf, aka kwashe lakar sama, aka nome ciyawar gefe. Da yake damina ba ta bari ƙasa ta bushe ba, aka barbaɗa farar hodar layim mai zafi, wadda masu kiwon kifi ke kashe ƙwarin rami da ita, aka bar shi kwanaki. Aka kafa gora aka yi rumfa, aka ɗinke tsofaffin gidajen sauro aka lulluɓe ramin har ƙasa, aka danne gefe da ƙasa da duwatsu. An yi wannan kafin ɗigon ruwa ya shiga. Bakin tiyo ma an ɗaure shi da ƙyallen raga, kada injin ya zuƙo 'ya'yan ƙwari daga kududdufi.

An kuma juya tsarin lokaci. Ba a cika rami ba sai da ƙwai ya ƙyanƙyashe aka tabbatar da 'ya'ya a hannu. Suka yi mako biyu a baho ana ba su abincin kanti mai laushi, ramin kuma ya yi kwana shida da ruwa, sannan aka zuba su a tsakiyar Satumba.

Ba a rasa matsala ba. Wani ruwa da iska ya yaga rumfar ta gefe ɗaya, ta kwana biyu a buɗe kafin a ɗinke. Inda ragar ta lotsa ta taɓa ruwa, an ga mazari na tsoma jela a wurin, sai da aka ƙara gora a tsakiya aka ɗaga ta. Inuwar raga kuma ta sa ruwan bai yi kore kamar da ba, abincin kanti ya ƙaru.

A mako na uku na Oktoba aka ja koma. Abin da ya rayu ya ɗan haura na Maris. An samu 'ya'yan mazari a laka, kaɗan ne kuma ƙanana, kifin ya riga ya fi ƙarfinsu. An samu kuma wasu 'yan tarwaɗa da suka yi wa 'yan'uwansu fintinkau a girma, cikinsu tim. An daina feshi da faffaɗar baƙin mazari tun Agusta, yawansu a gaɓa bai canza komai a sakamakon ba.

Hukunci

Kuɗin feshi da wahalar yara a Yuli, an bar jaki ne ana dukan taiki. Shawarar maƙwabci daidai take, inda aka kauce shi ne ɗaukar cewa mazarin da ya fi kusa da ido shi ne mai 'ya'ya a ruwan da ke kusa. Ko da an san sunansa tun ranar farko, da ba a tsira ba, domin aikin farkon Agusta, duk da kyansa, wanda ba shi da hannu ya sanya wa suna. Gwangwanin saɓa da bokiti ne suka warware lamarin, kuma su ne mafi arha cikin duk abin da aka yi. Manhajar waya ta kai ɗalibin kusa da dangi, amma hoton ƙwaro ɗaya daga sama ba ya nuna namiji ne ko mace, yaro ne ko balagagge, balle abin da ke ƙarƙashin gaɓa ta takwas.

Kada a ɗauka an wanke Brachythemis impartita gaba ɗaya. 'Ya'yansa ma mafarauta ne, wanda ya haƙa ramin reno a gefen babban tafki ya bar ruwa na shiga ba tacewa zai iya gamuwa da su. A wannan gona dai gidansu kududdufi ne.

Nasarar Oktoba ma a yi mata adalci. Abubuwa huɗu aka sauya a lokaci ɗaya: layim, raga, gajarta zaman ruwa, da zuba 'ya'ya da suka ɗan tasa. Ga shi kuma damina ta juya baya. Ba za a iya raba wa kowanne kasonsa ba. A ganina raga da gajarta zaman ruwa su ne ginshiƙai, domin su suka shiga tsakanin uwa da ruwa, kuma rukunin Maris, wanda ya yi kyau ba raga ba layim, mako ɗaya kawai raminsa ya yi kafin a zuba kifi, a lokacin da Pantala bai iso da yawa ba. Gwajin baho kuwa ya nuna ɗan mazari na ci, amma baho ba shi da maɓoya, kada a ninka lissafinsa a kan rami.

Kashi biyu cikin ukun da ake rasawa ko a rukuni mai kyau, da yawansa cin juna ne, tarwaɗa ba ta jin kunyar ƙaninta. Maganinsa a riƙa jan koma duk mako ana ware waɗanda suka yi gaba, aikin da rumfar raga ta ƙara wa wuya, tunda sai an kwance gefe ɗaya an mayar kowane karo. Mai gona na shirin sauya rumfar da firam na katako mai buɗewa kafin ƙyanƙyasar Maris, in sanyin hunturu ya wuce.